Yadda ake kallon ƙwallo a kurba, cikin 'yan ultras na Italiya

Duk mai bin gasar Serie A ya san wurin ko da bai san sunansa ba. Bayan raga ne, inda manyan tutoci ke kaɗawa tun kafin a take leda har a tashi, dubban mutane na tsaye suna rera waƙa ɗaya, hayaƙi ja ko shuɗi ya turnuƙe su. Italiyawa na ce wa wurin kurba, masu riƙe da shi kuwa su ne 'yan ultras. A talabijin sai ka ɗauka hargowar matasa ce kawai, alhali wuri ne mai shugabanni, da asusu, da rabon aiki, da dokokin da ba a rubuta a bayan tikiti ba amma kowa na bin su. Wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Italiya, kuma yake sha'awar tsayawa a can, ya kamata ya san waɗannan dokoki kafin ya sayi tikiti, domin a kurba kuskure ba ya ƙarewa a harara.

Fara da sanin gidan wa za ka shiga

Kowane kulob da gefensa, kuma ba a musanyawa. A San Siro, 'yan Milan na Curva Sud, 'yan Inter na Curva Nord, dukkansu a hawa na biyu. A filin Olimpico na birnin Rum, kudu ta Roma ce, arewa ta Lazio. Napoli na da biyu, Curva A da Curva B. Fiorentina na da Curva Fiesole, Torino na da Maratona. A filin Marassi, Genoa ke da Gradinata Nord, Sampdoria ke da Gradinata Sud.

Al'adar ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ɗalibai da ma'aikatan masana'antu suka cika titunan Italiya da zanga-zanga. Matasan da suka saba da ganga da amsa-kuwwa da dogon kyalle mai rubutu a kan titi, su ne suka ɗauko kayan suka kai filin wasa, suka zaɓi bayan raga saboda nan ne tikiti ya fi arha. Fossa dei Leoni ta Milan ta kafu a 1968. A 1969 aka samu Boys na Inter da Ultras Tito Cucchiaroni na Sampdoria, waɗanda suka ɗauki sunan wani ɗan wasansu mutumin Ajantina. Sai Brigate Gialloblù na Verona a 1971, da Fedayn na Roma a 1972, da Fossa dei Grifoni na Genoa a 1973. A Janairun 1977 ƙananan ƙungiyoyin Roma suka haɗe suka zama Commando Ultrà Curva Sud, wadda ta zama abin koyi ga magoya baya a ƙasashen Turai da dama. Irriducibili na Lazio sun zo daga baya, a 1987. Da yawa daga cikin waɗannan sun rushe, amma magadansu na tsaye a kan matakalan nan ɗin, kuma tsohuwar gaba da tsohon ƙawance duk an gaje su.

Wannan gado shi ne abin da za ka bincika kafin ranar wasa. Akwai ƙawance na ƙa'ida tsakanin wasu kurbobi: Inter da Lazio, Fiorentina da Torino, Sampdoria da Parma. Ranar da ƙawaye suka haɗu, ana cin abinci tare, a zagaya fili da tutocin juna, gari lafiya. Amma ƙawance na mutuwa. Na Genoa da Napoli ya fara ne a Mayun 1982, ranar da suka tashi biyu da biyu, Genoa ta tsira, Milan ta faɗa rukuni na biyu. Ya yi kusan shekara 37 kafin ya watse a 2019. Don haka kada ka dogara da tsohon labari, tambayi ɗan gari. Idan karon farko ne, guji wasan hamayya na gari ɗaya, da karawa irin Napoli da Roma, ko Atalanta da Brescia, ko Fiorentina da Juventus. Nemi wasan rana da kulob ɗin da babu jiƙaƙƙiya tsakaninsu.

Tikiti da ƙofa

Tun dokar 2005, tikitin manyan filayen Italiya na ɗauke da sunan mai shi. A ƙofa za a gwada sunan da takardar shaida mai hoto, don haka ka riƙe fasfo ko katin shaida na asali, ba hotonsa a waya ba. Rubuta sunanka wajen saye daidai yadda yake a fasfo. Idan fasfo ya ce Muhammad kai kuma ka rubuta Mohammed, kana iya kwana a bakin ƙofa kana bayani. In wani ne ya bar maka tikitinsa, sai an sauya suna a shafin intanet na kulob kafin wasa, kuma a manyan wasanni akan rufe wannan dama gaba ɗaya. Tikitin hannun 'yan bumburutu a bakin fili asarar kuɗi ce: ko jabu ne, ko sunan wani ne a kai.

A manyan kulob, yawancin kujerun kurba na hannun masu tikitin kaka, abin da ya rage kaɗan ne kuma yana ƙarewa da wuri. Sannan hukuma kan hana sayar wa mazauna yankin da baƙi suka fito, ko ta ce sai mai katin mamba na kulob. Katin nan jikan wanda aka tilasta a kakar 2010/11 ne, wanda 'yan ultras suka yaƙa shekara da shekaru suna cewa rajistar 'yan sanda ce, har wasu suka daina bin kulob ɗinsu wasan waje.

Isa fili da saura awa ɗaya da rabi. Shinge biyu ne: na farko a duba takarda a laluba jiki, na biyu ƙofar ƙarfe mai juyawa da ke karanta tikiti. Kwalba da gwangwani ba sa shiga, robar ruwa ma sau da yawa sai an cire murfinta. Bar lema mai tsini da babbar jaka a gida. Idan ɓangaren baƙi ka shiga, ka sani ana tsare mutanensa bayan an tashi, wani lokaci fiye da rabin awa, har sai 'yan gida sun watse. Yi lissafin jirgin ƙasanka da wannan.

Da ka shiga

Lambar kujerar da ke tikitinka, a tsakiyar kurba ba ta aiki. Mutane na tsayawa inda suka saba tsayawa shekara ashirin, kuma ba wanda ke zama. Tsakiya daga ƙasa, daf da shingen da ake rataye kyallaye, wurin ƙungiyoyi ne. Baƙo ya nemi gefe ko sama. Idan wani ya ce maka nan wurinsa ne, matsa kawai, kada ka zaro tikiti kana nuna masa lamba.

A kan shingen za ka ga mutum ɗaya ko biyu sun ba fili baya, amsa-kuwwa a hannu. Su ne masu ba da waƙa, kuma tsakaninsu da kurba kamar makaɗi ne da 'yan amshinsa: ya jefa baiti, dubbai su karɓa, mai ganga ya riƙe musu lokaci. Shi ba ya ganin wasan, sai dai ya karanta shi a fuskokin mutane. In ya ce a ɗaga hannu, ɗaga. In ya ce a ɗaga gyale, ɗaga naka a miƙe da hannu biyu. Ba dole ka iya kalmomin ba, tafi da tsalle sun wadatar, amma tsayawa ƙiƙam da hannu a aljihu a tsakiyar masu waƙa na jawo magana. Ana waƙa ko ana ci ko ana shan kashi, kuma a nan ne suke ganin sun bambanta da sauran 'yan kallo.

Waya ita ce ta fi jefa baƙi cikin matsala. Ɗaukar fili ko tutoci daga nesa ba laifi, amma kada ka juya kyamara kan fuskokin mutane, musamman lokacin da ake kunna sandunan wuta masu hayaƙi. Hoton da ka sa a Instagram na iya zama shaidar da za a hana wani shiga fili shekaru, kuma su sun san haka. Mai ɗaukar fuska, ɗan leƙen asiri ake ɗaukarsa.

Sai tufafi. Ko dai launin masu gida, ko baƙaƙen kaya, ko wani abin da bai da alaƙa da ƙwallo. Rigar Chelsea ko Madrid da ake sawa a gida ba tare da tunanin komai ba, a nan tsokana ce. Haka jar riga a kurbar Inter, ko shuɗiya mai haske a ta Roma. Kada kuma ka sa riga ko hula mai sunan wata ƙungiyar ultras in ba kai ɗanta ba ne, ko da ta kulob ɗin ce, domin a kurba ɗaya ma akan samu ƙungiyoyin da ba sa ga maciji.

Tuta za ta rufe maka fili, wani lokaci a daidai bugun fanareti. Ba a cewa a sauke. Idan an ci ƙwallo, jama'a kan gangaro ƙasa gaba ɗaya, don haka ka kafa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kada ka tsaya a bakin matakala da yaro. In ka tarar kurba ta yi tsit, ko tsakiyarta babu kowa, yajin aiki ake yi, ko dai don fushi da shugaban kulob ko da hukuma. Kada ka cike gurbin, kada ka tayar da waƙa. 'Yan Roma sun ƙaurace wa kurbarsu tun daga 2015 saboda shingen da hukuma ta gitta a tsakiya, har sai da aka cire shi a 2017.

Abu mafi tsarki a wurin shi ne dogon kyallen da ke ɗauke da sunan ƙungiya. Ba a jingina da shi, ba a ɗora masa jaka, ba a taka shi idan yana ƙasa. A al'adarsu, ƙungiyar da aka ƙwace wa kyalle ta rasa mutuncinta, sau da yawa rushewa take yi, kuma wanda ya ƙwace yakan rataye shi a kife a kurbarsa. A Fabrairun 2023 wasu magoya bayan Red Star Belgrade suka tare 'yan Fedayn a birnin Rum suka ƙwace nasu, daga baya suka baje shi a kife a filinsu suka cinna masa wuta. Ita ma Fossa dei Leoni rikicin kyalle ne ya kashe ta a 2005, bayan an zarge ta da sa 'yan sanda cikin maganar, abin da a wurinsu ya fi asarar kyallen muni.

Yadda ake haɗa adon kurba

Abin da ya fi komai kyau a wannan al'ada shi ne adon da ake bajewa lokacin da 'yan wasa ke fitowa: kurba gaba ɗaya ta rikiɗe ta zama hoto guda. Minti biyu ko uku yake yi a sama, amma aikin makonni ne, wani lokaci watanni, kuma da hannun masu sa kai ake yin sa. Kuɗin daga mutanen kurba yake fitowa, ta hanyar kwalin taimako a bakin ƙofa da sayar da gyale da sitika da 'yar mujallar ƙungiya. In an miƙo maka kwalin, jefa Yuro ɗaya ko biyu. Ƙungiya mai ji da kanta na alfahari da cewa ba ta karɓi ko sisi daga kulob ba.

Iri biyu ne manya: na kwalaye masu launi da kowa ke ɗagawa, da na ƙaton yadi mai zane. Galibi akan haɗa su.

Na kwalaye da ƙirga yake farawa. Sai an shiga fili ranar da babu wasa an ƙirga layuka da kujerun kowane layi, an kuma sa alamar matakalai da ƙofofi, domin su ne ke yanka hoto. A ce ɓangaren layi 60 ne, kowane layi kujera 120, kujera 7,200 ke nan. Kowace kujera ɗigo ɗaya ce a cikin hoton. Ana zana taswirar a kwamfuta gida-gida, a ba kowane gida launinsa, a ƙirga yawan kowane launi, a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yagewa da ɓata, wato a sayi wajen 8,000. Girman da aka saba shi ne santimita 50 a 70, kwali mara nauyi ko leda mai kauri. Leda ta fi jure ruwan sama, amma mai sheƙi tana mayar da hasken fitilun fili, hoton ya wanke.

Kuskuren sababbin hannu shi ne zana hoton kamar a takarda za a kalle shi. Kurba a kishingiɗe take, mai kallo daga ɗaya gefen yana ganin ta a taƙaice daga sama zuwa ƙasa, don haka da'irar da aka zana daidai takan fito a baje. Maganinsa a ɗauki hoton kurbar daga inda kyamarar talabijin ke tsayawa, a ɗora zanen a kan hoton, a ja shi tsaye har ya daidaita. Harafi kuma kada tsayinsa ya gaza layi bakwai ko takwas, kaurin sandarsa kada ya gaza kujera biyu, in ba haka ba mutum ɗaya ya tafi bayan gida sai harafin ya karye. Launuka ma sai an kula: shuɗi mai duhu da baƙi abu ɗaya suke zama da dare, shi ya sa masu waɗannan launuka ke zaɓar shuɗi mai haske fiye da na rigar kulob.

Ranar wasa, masu aiki na shiga kafin a buɗe ƙofa. Kowa a ba shi layukansa da takardar taswira, ya ɗora kwali a kan kowace kujera ya kama shi da ɗan salatif don iska. Mutum talatin, kowa kujera 240, ɗorawar ba ta cin lokaci, dubawar ce ke ci. Dole wani ya tsallaka ɗaya gefen fili ya hango, yana waya da na ciki, domin layi ɗaya da ya goce da kujera biyu ba ya ganuwa daga kusa. Sannan a manna 'yar takardar umarni: kada a taɓa kwali, kada a sauya wuri, a ɗaga sai an ba da alama. A nan ne baƙo ke da rawar takawa. Kwalin da ka tarar a wurinka na wurin ne, ba naka ba. Kada ka zauna a kai, kada ka ba abokinka don launinsa ya fi burge shi. Idan alama ta zo, ɗaga shi saman kai da hannu biyu, fuskar mai launi na kallon fili, ka riƙe har a ce a sauke. Kai ba za ka ga komai ba sai bayan kwali da ƙafafun maƙwabcinka. Waɗanda ke sauke nasu don ɗaukar hoto su ne ramukan da ake gani a cikin adon.

Na yadi kuwa aikin tela ne da mai fenti. A ce ana son mita 40 a 20, murabba'in mita 800 ke nan. Yadin da aka fi amfani da shi mara saƙa ne mai arha, mai zuwa a naɗe, faɗinsa wajen mita 1.6. Sai an jera tsiri 13 masu tsawon mita 40, wato yadi mita 520, a ɗinke su biyu-biyu da zare mai ƙarfi. Idan nauyinsa giram 70 ne a kowane murabba'in mita, yadin kaɗai kilo 56 ne, fenti da ɗinki da igiya kuma su ƙara nasu. Ana neman sito ko ɗakin wasanni a shimfiɗa leda a ƙasa, domin fenti na ratsa yadi. A ja wa ƙaramin zanen layuka gida-gida, santimita ɗaya a takarda ta zama mita ɗaya a yadi, a fitar da layukan da igiya mai alli, kowa ya kwafi abin da ke gidansa. Wasu kan rataye yadin ɓangare-ɓangare a bango su haska zanen da majigi su bi da alƙalami. Fenti mai ruwa ake sawa, a tsinka shi, a shafa da rola a manyan wurare, buroshi a gefuna. Launi mai haske ke fara shiga, baƙin layi a ƙarshe. Fenti mai kauri na sa yadi ya yi tauri ya tsattsage wajen ninki. Wanda aka ninke bai gama bushewa ba kuwa mannewa yake yi, ranar wasa a ja ya yage.

Ninkin kansa fasaha ce. Ba a naɗe shi kamar yadda ya zo daga kanti, ninkin gaba da baya ake yi, a rubuta sama da ƙasa da dama da hagu a gefuna da manyan haruffa. An sha ganin ado ya tashi a kife saboda rashin wannan rubutu. Idan ta kan mutane zai bi, ana ajiye shi a layin ƙasa, masu igiya su haura matakalai da gudu ɗaya, jama'a na tura shi sama da tafin hannu. Gefe ɗaya ya riga ɗaya, sai ya karkace ya maƙale. Idan daga hawa na biyu za a sako shi, sai an sa zoben ƙarfe a bakinsa kowace rabin mita, an ninka bakin an ƙarfafa, an kuma tsaga ƙananan kafofi a jiki don iska ta wuce, in ba haka ba iska za ta cika shi ta fizge shi daga hannun mutane. Ruwan sama na ninka nauyinsa. Wuta ko hayaƙi a ƙarƙashinsa kuwa ganganci ne da rayukan ɗaruruwan mutanen da ba su da hanyar fita.

Duk wannan ba ya shiga fili sai da izini. Tun 2007 ƙa'ida ita ce a miƙa buƙata ta hannun kulob aƙalla kwana bakwai kafin wasa, da hoton zanen, da girmansa, da abin da aka rubuta, da irin yadin, da sunan wanda zai ɗauki alhaki. Kwamitin tsaron fili, wanda 'yan sanda ke jagoranta kuma 'yan kwana-kwana ke ciki, shi ke amincewa ko ya ƙi. A shekarar ce ma aka hana ganga da amsa-kuwwa, sai a 2017 aka dawo da su. Ban da hukuma, ana ɓoye zanen ga kowa, domin in ya fita, abokan hamayya za su shirya amsar da za ta mayar da aikin wata biyu abin dariya.

Inda abin ke ɓaci

Dokokin nan masu tsauri jini ne ya jawo su. A 28 ga Oktoban 1979, wata rokar haske da aka harba daga kurbar Roma ta tsallake fili ta kashe Vincenzo Paparelli, mai goyon bayan Lazio, yana zaune kusa da matarsa. A Janairun 1995 aka daɓa wa Vincenzo Spagnolo na Genoa wuƙa kafin wasa da Milan, aka dakatar da wasanni a faɗin ƙasar, shugabannin ultras suka taru a Genoa suka yi kiran a daina ɗaukar wuƙa. A Fabrairun 2007 ɗan sanda Filippo Raciti ya mutu a rikicin Catania da Palermo. A Nuwamban shekarar wani ɗan sanda ya harbe Gabriele Sandri, mai goyon bayan Lazio, a wurin hutawar matafiya kusa da Arezzo. A 2014 aka harbi Ciro Esposito na Napoli a birnin Rum kafin wasan ƙarshe na Coppa Italia, ya rasu bayan makonni.

Makamin hukuma shi ne Daspo, umarnin hana shiga filin wasa da aka kafa a dokar 1989. Shugaban 'yan sandan lardi ne ke ba da shi ba sai an jira hukuncin kotu ba, daga shekara ɗaya zuwa biyar, ya fi haka ga wanda ya maimaita, wani lokaci har da sharaɗin zuwa caji ofis a sa hannu a lokacin da ake wasa. Riƙe sandar wuta ko gwangwanin hayaƙi laifi ne, jefawa ya fi muni, kuma ana iya kama mutum cikin awa 48 da shaidar kyamara. Idan wani ya ce ka riƙe masa wani abu ka wuce da shi ƙofa, ko ya miƙo maka wuta tana ci, ƙi karɓa. Ga baƙo mai takardar izinin zama, abin bai tsaya a ƙwallo ba, yana iya taɓa sabunta takardar.

Yawancin faɗa ba a cikin fili ake yin sa ba, a hanya ne: tashar jirgin ƙasa, wurin ajiye motoci, wuraren hutawa na babbar hanya. A Janairun 2023 'yan Napoli da 'yan Roma suka gwabza a kan babbar hanyar A1 har aka rufe ta. Sa gyalenka cikin jaka har sai ka isa fili, ka mayar da shi kafin ka fito. In ka hango gungun samari cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, suna tafiya a dunƙule, sauya titi.

Akwai kuma maganar da baƙar fata ba zai tsallake ba. Wasu kurbobin sun karkata ga siyasar masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi, an fi sanin na Lazio da Verona da haka, yayin da ta Livorno ta shahara da kishiyar wannan. A Afrilun 2017 Sulley Muntari na Ghana, yana buga wa Pescara, ya kai wa alƙalin wasa ƙarar cin mutuncin da ake yi masa a Cagliari, sai aka ba shi katin gargaɗi, ya fice daga fili. An yi wa Kalidou Koulibaly kukan biri a San Siro a Disamban 2018. Da aka yi wa Romelu Lukaku a Cagliari a 2019, kurbar Inter ɗin da yake bugawa ce ta rubuta masa wasiƙa tana cewa wai ba wariya ba ce, dabarar rikita abokin karawa ce. Wannan hujja ba ta da tushe, cin mutunci ne, kuma abin kunya ne ga al'adar da ke iya tara dubban mutane su yi aikin kyauta saboda ƙauna. A aikace: je da ɗan gari wanda aka sani a wurin, tsaya kusa da matakalar fita, kuma in an fara irin wannan kada ka tsaya musu da taro. Fita ka sanar da masu tsaron fili, daga baya ka rubuta wa jami'in hulɗa da magoya baya, wanda kowane kulob na Serie A ke da shi.

A saman wasu kurbobin kuma kasuwanci ne ya shiga: tikiti, wurin ajiye motoci, rumfunan abinci, har da ƙwaya. A 2019 aka kama shugabannin ultras na Juventus bisa zargin matsa wa kulob don samun tikiti. A Satumban 2024, bayan shugaban kurbar Inter ya kashe wani abokin tafiyarsa ɗan gidan 'yan mafiyar Calabria, aka kama mutum 19 daga kurbobin Inter da Milan. Mafi yawan masu fenti da ɗinki da waƙa ba su da hannu a wannan, amma ya isa dalilin da zai sa kada ka karɓi tikiti ko wata alfarma daga hannun wanda ba ka sani ba.

Wanda burinsa ya ga adon da idonsa, ko yake tafe da iyali, ya sayi kujera a dogon gefen fili, ɓangaren da ya fi nisa da magoya bayan kulob ɗin da ya zo baƙunta, a hawa na sama inda kurba ke fuskantarsa. Ya zauna da saura minti ashirin, domin ana ɗaga adon ne daidai fitowar 'yan wasa, kafin a take leda an sauke.